Fayil Ɗin Da Kika Bari a Gwandu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kin isa Kalgo lafiya, kin kuma tarar da Goggonki da mutanen gidanta lafiya. Allah ya tsare ki a masauki da wurin aiki, ya kare ki daga sharrin mutum da na ƙarfe, ya sa ki fara aikin nan a sa'a. Amin.

To, gaisuwa ta ƙare. Gyara zama, domin raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye miki ba.

Ranar Lahadi da kika tafi, na shiga shago na ga filashin da na ba ki, mai ɗauke da fayil ɗin saitin kwamfutoci, a ajiye kan firinta. Ba mantuwa kika yi ba, na san halinki. Innarki ta gaya mini abin da kika ce mata a bakin mota: wai kwamfuta talatin ne kacal, za ki bi su ɗaya bayan ɗaya ki gyara burauzar kowace da hannu, wai fayil ɗin Baba ɓata lokaci ne kawai da ɗaga jijiyar wuya. Ni ake faɗa wa haka? Wallahi ba don sunan mahaifiyata kike ɗauke da shi ba, da na rubuta wata magana a nan. Na kira ki a waya sau huɗu, daga "ina kwana Baba" sai ki ce ana kiran ki. Shi ya sa na ɗauki biro, tunda takarda ba a katse ta.

Ki tuna dai gwaji makarantar nan ta ɗauke ki, wata uku. Nan da mako huɗu malamai za su zauna jarrabawar ƙarin girma a ɗakin kwamfutar da aka damƙa miki, kuma duk ta cikin burauza za su yi ta. In ta ƙi buɗewa ranar, ko ta toshe wani abu, babu mai cewa laifin na'ura ne. Cewa za su yi daman mun faɗa, an bar maza masu neman aikin an ɗauko ɗiyar mai shagon Gwandu. Sai ki ga an miƙo miki takardar sallama, kin dawo ɗakin Innarki kina ninke kaya. Abin da ke hana ni sukuni ke nan.

Kwamfutocin nan na san su, ni na ɗora musu manhajar Linux ɗin bara da aka kira ni, iri ɗaya da na shagonmu. Zan maimaita miki yadda suke kamar ba ki sani ba, tunda kin nuna ba ki ji ba. Akwai fayil guda da ake rubuta yadda ake son burauza ta kasance: wane shafi za ta fara buɗewa, me za ta toshe, me za ta bari ya wuce, girman rubutu, komai. Sai ki ba da umarni, na'ura ta gina kanta daidai da abin da ke rubuce. Na kuma tsara su yadda kowace safiya in an kunna za su share abin da aka taɓa jiya, su dawo kan abin da fayil ya ce, don kada wani ya tarar da kayan wani. Kamar littafin awon tela ne: ko kin tsaya a bakin shago kin ce a ƙara tsawon riga, in bai rubuta ba, da tsohon awo zai yanka. Saboda haka ki bi talatin ɗin da hannu tun safe har la'asar, washegari ki tarar ba ki yi komai ba.

Ni ma na yi wannan sakarcin, kuma ba ni na sha wahalarsa ba. Lokacin kina aji biyu a sakandare, wani mutumin Ceberu ya kawo ɗiyarsa a babur don ta cika takardar neman shiga makarantar jinya. Ranar ce ta ƙarshe. Shafin makarantar yakan buɗe wata ƙaramar taga in an zo tabbatar da suna, ita kuwa burauzarmu tana toshe irin waɗannan tagogi. Ana gobe na gano haka, na shiga saiti da hannu na buɗe wa shafin hanya, ya yi aiki, na tafi gida ina jin ni gwani ne. Ban rubuta a fayil ba, na ce gobe ma rana ce. Da safe na'ura ta dawo yadda aka rubuta mata. Yarinya ta danna, shiru. Ni kuwa na manta shaf da abin da na yi jiya. Na zagi intanet, na kashe na'urar intanet na kunna, na fita waje ina ɗaga waya sama kamar mai neman wata. Kafin hankalina ya dawo an ɗauke wuta, janareta ya yi ta gardama, da muka dawo an rufe shafin. Uban bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Ya dubi ɗiyarsa ya ce ta hau su tafi, Allah ya sa hakan shi ne mafi alheri. Shekara guda cur yarinyar nan ta zauna a gida saboda na ji ƙyuyar rubuta layi uku.

Ban ce kada ki taɓa saiti da hannu ba. Taɓa, amma don gwaji. Da zarar kin ga abin ya yi, kada ki tashi daga kujerar, ko ruwa kada ki sha, sai kin rubuta shi a fayil. Ki ba da umarnin gini, ki rufe burauzar gaba ɗaya, ba shafi ɗaya ba, domin sai an tashe ta sabuwa take karanta dokokinta. Daga nan ki kashe na'urar ki kunna, ki sake gwadawa. In ya tsaya bayan wannan, to ya tsaya.

Kuma don gini ya wuce ba tare da ƙorafi ba, wannan bai nuna burauza ta karɓa ba. Kwana uku na taɓa yi ina kokawa da shafin farko, na rubuta shi a fayil, gini ya wuce sumul, burauza kuwa ko a jikinta. Har na fara cewa manhajar ce ta lalace, zan sauke wata. Ashe a ƙarƙashin wani sashe na sa dokar, ba inda burauza ke dubawa ba. Alhali tana da shafinta na dokoki, wanda na nuna miki ya fi sau goma kina hamma, inda take jera abin da ta karɓa da abin da ta ƙi, har da dalili. Minti ɗaya ya ishe ni da na buɗe shi. Girman kai ne ya hana, ina ganin na wuce a gaya mini. Can za ki fara dubawa kafin ki zargi kowa. Kuma abu ɗaya za ki riƙa canzawa a lokaci guda. In kin canza biyar abin ya gyaru, ba ki san wanne ya gyara ba, in ya ƙara lalacewa ma ba ki san wanne ya lalata ba.

Sai maganar kullewa, kuma a nan ki buɗe kunne, domin kin gaji son iko a wurina. A fayil ɗin, kowane saiti za ki iya rubuta shi a matsayin abin da burauza za ta fara da shi, mai amfani ya canza in yana so, ko kuma ki kulle shi yadda babu mai iya taɓawa. Ni da na gano kullewa sai na haukace, na kulle komai, har girman rubutu. Akwai wani dattijo, Malam Sahabi, malamin firamare a Malisa, yana zuwa duk Asabar yana karatun ƙarin ilimi ta intanet. Idonsa ya yi rauni. Tun zuwansa na farko ya ce mini, "Malam, ban ganin rubutun ga, a ƙara mashi girma." Na leƙa na ga wurin ya dushe ba ya dannuwa, na san kuwa ni na kulle, amma gyarawa na nufin in buɗe fayil in sake gini alhali shago cike da mutane. Sai na ce masa haka na'urar take, ya nemi tabarau. Mutumin nan ya yi makonni yana manna fuskarsa a allo, hawaye na zuba, ni ina wucewa ta bayansa. Daga baya ya daina zuwa. Na haɗu da shi a kasuwa na tambaye shi, ya ce ya bar karatun, ido ya ƙi. Ba ido ba ne ya ƙi, ni ne na ƙi. Har yau in na hango shi sai in canza hanya.

Cikin malaman da za su zauna a ɗakinki akwai masu shekarun Malam Sahabi, wasu ma sun girme shi. Ki kulle abin da in an taɓa zai ɓata jarrabawa, sauran ki bar wa mutane. Kuma kafin ranar ki samo dattijo guda daga cikin malaman makarantar, ki zaunar da shi gaban na'ura, ki yi shiru ki ga inda zai sha wuya. Idonki na 'yar shekara ashirin da uku ba shi ne ma'auni ba.

Wata rana kuma gini zai tsaya, ya ce akwai wani fayil da ya tare masa hanya a foldar burauza. Hakan na faruwa in burauza ta riga ta rubuta nata kafin naki ya iso. Kada ki kuskura ki goge. Tambayi Innarki, in za ta iya ba ki labarin ba tare da ta harare ni ba. Shekarar da take aikin kammala digirinta, na ce bari in mayar da kwamfutarta ta hannu kan tsarin shago. Gini ya tsaya, ya rubuto mini bayani layi huɗu. Na farko kawai na karanta, na ga sunan folda, na ce ita ce matsalar, na goge ta ɗungurungum. Gini ya wuce, na ji daɗi, na miƙa mata. Ashe a foldar nan ne burauza ke ajiye duk shafukan da ta yi wata bakwai tana tarawa, da kalmomin sirrinta duka, har na akwatin saƙon da malaminta ke turo mata gyara. Layi na uku na bayanin ya faɗa ƙarara cewa a kawar da fayil ɗin gefe ko a canza masa suna. Ban kai can ba, ina sauri. Ta zauna a tabarma ta yi kuka irin wanda ban taɓa ganin ta yi ba, ni kuma maimakon in ba da haƙuri sai na ce ai da ta rubuta su a takarda. Kin ji irin uban da kike da shi. Saƙon kuskure ki karanta shi har ƙarshe, da ƙarfi ma in ya kama. Abin da ya tare hanya ki canza masa suna ki ajiye, ba ya cin komai. In kuma sabon gini ya rikice miki ana gab da jarrabawa, kada ki tsaya gyara mutane na jira. Na'urar tana ajiye ginin baya, wajen kunnawa ki zaɓi na jiya, a yi aiki, bincike ya biyo baya.

Na san abin da kike cewa a ranki yanzu. Kina cewa ai kin bi duk wannan sau ɗaya, kin ga abin da ya jawo miki. To bari mu zo wurin, domin na gaji da kewaye-kewaye.

Watan jiya Madam Rifkatu, malamar nan 'yar Zuru da ke koyar da lissafi, ta zo za a yi mata tambayoyin neman aiki ta bidiyo. Ke na ba aikin shirya mata na'ura. Kika rubuta a fayil cewa a bar kyamara ta yi aiki a shafin, kika yi gini, kika kashe kika kunna, duk yadda na koya miki. Lokaci ya yi, kyamara ta ƙi. Mutanen can suna jira, Madam tana gumi, ke kina ta sake dannawa. Na taso daga bayan teburi ban duba komai ba, na hau ki da faɗa gaban cikar shago. Na ce da hannu kika yi kina yi mini ƙarya. Na ce ba ki da kai sai taurin kai, na ce da na sani da tallar fura na ɗora miki. Kika ce, "Baba, wallahi na rubuta, duba ka gani." Na ce ki rufe mini baki. Madam ta ɗauki jakarta ta fita, aikin ya wuce ta. Tun ranar ba ki ƙara buɗe fayil ɗin ba, kuma ba ki ƙara kallon idona ba.

Bayan kwana uku na buɗe shafin dokoki. Ga kyamara nan a toshe, a kulle. Kin san fayil ɗin hawa biyu ne, akwai sashen mai amfani inda kika rubuta naki, akwai na sama mai mulkin na'urar duka, kuma in sun saɓa na sama ke cin nasara. A na saman aka kulle ta. Na duba tarihin fayil ɗin, inda ake ganin wanda ya rubuta kowane layi, sai ga sunana. Ni na rubuta shi tun kafin azumi, ranar da na ji haushin masu zuwa suna ɗaukar kansu hoto suna tare wa mutane kujera, na kulle na manta. Naki layin yana nan daidai, babu kuskuren ko ɗigo. Na goge nawa, na sake gini, kyamara ta buɗe tana kallona. Na rufe na'ura na fito, na tarar da ke kina share ƙofar shago, na wuce ki na kama hanyar gida. Mako biyar ina cin abinci tare da ke da wannan magana a cikina.

Don haka fushin da ke cikin takardar nan, rabinsa ma ba naki ba ne. Amma rabin da ke naki yana nan, ban janye ba. Kin ga an zalunce ki, sai kika huce a kan hanyar aikin, kika ce fayil ƙarya yake yi. Fayil bai yi ƙarya ba, abin da aka rubuta masa ya yi, kuma shi ne ma ya tona ni. Da da hannu muke aiki, da har in mutu ina cewa ke ce, ke ma da kin fara shakkar kanki. Yanzu za ki je ki jefar da aikinki a Kalgo don ki huce haushin wani tsoho mai baƙin girman kai a Gwandu? Wannan wautar ba zan yafe miki ita ba. In kin rubuta doka ta ƙi aiki, ki duba sama, ki ga ko wani ya riga ki kullewa. A na'urorin makarantar nan ma ni na rubuta na saman, kuma da irin halina na rubuta shi. Ki karanta shi layi-layi kamar aikin wanda ba ki yarda da shi ba, duk abin da ba ki ga dalilinsa ba ki tambaye ni, in na kasa ba ki dalili ki cire.

Jiya Juma'a bayan an sauko masallaci, na je gidan Madam Rifkatu na gaya mata gaskiya a gaban mijinta. Ta ce ita ta yafe, amma ba ita ya kamata in fara zuwa wurinta ba. Daga can na dawo shago. Na jira ya cika, da tela maƙwabcinmu, da mai shayi, da yawancin waɗanda suka ji abin da na faɗa miki ranar. Na juya allo suka gani, na nuna musu layin da sunana a gefe, ko da yake rabinsu ba su san abin da suke kallo ba. Na ce musu ɗiyata ba ta yi ƙarya ba, ni ne na yi kuskure na ɗora mata. A gaban mutane na zage ki, shi ya sa ban yarda in wanke ki a ɗaki ba.

Saura ke. Ban iya faɗa da baki ba, ga shi na rubuta: Uwata, ki yafe mini.

Ki gaida Goggonki da maigidanta da yara. Innarki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci kafin ki fita. Allah ya tsare fitarki da shigarki, ya rufa miki asiri ranar jarrabawa da bayanta, ya tabbatar da ke a aikin nan, ya kuma ba ki haƙurin da ya hana ubanki. Amin.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinki,
daga Gwandu.